Inda Inuwar Aduwa Ta Tsaya

Illela, ƙarshen bazara

Zuwa ga taubashina Yari, a ramukan zinare na Jado.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan. Goggonka tana gaishe ka, ƙafar tata dai sai a hankali. Zafi kuwa bana ya gasa mu, ko randa ba ta sanyi.

Kai kuma mai zinare, shekara ta zagayo ko ɗan kunne ba mu gani ba. Mukhtari direba ya ce ya gan ka a Agadas ka yi baƙi ka rame kamar muciya. Na ce masa ai da ma can ba fari kake ba. Shi zan ba wagga takarda, tunda an ce inda kuke waya ba ta shiga.

To, wasa ya ƙare. Ka san sabuwar hanyar da anka ce za ta tashi daga nan Illela har bakin teku. Da a rediyo muke jin ta. Yanzu ta iso mu. Wasu masu hular kwano sun zo sun shafa jan fenti a gine-ginen bakin titi, sun kakkafa turaku. Turakun nan sun ratsa ta tsakiyar tsohuwar maƙabarta ta hanyar Gidan Katta. Ka san wa ke kwance a wurin.

Mai unguwa ya tara maza. Malam Abdulhamid liman ya ce lalura ce, shari'a ta yarda a tone a mai da su sabuwar maƙabarta. Kowa ya nuna nasa kafin ruwa ya ɗauke, don da kaka katafila za ta shiga. Wanda ba a nuna ba, hanya za ta bi ta kansa.

Yari, ban san inda ɗana yake ba. Kai ma ka sani, mace ba ta bin gawa. Ranar da tirelar nan ta kauce wa rami ta kwashe shi, ina cikin ɗaka anka fita da makara, iyakar ganina ke nan. Ga shi ɗan fari, ko kuka ban yi gaban mutane ba, sai na shiga bayan rumbu. Babansa Ma'aruf ya sha ce mini wata rana zai tsai da ni daga nesa ya nuna mini wurin. Wata ranar ba ta zo ba har shi ma ya bi shi. Tsohon da ya haƙa ramin ya rasu. Yaya Maccido, wan Ma'aruf, da yake riƙe da gidan yanzu, yana Sakkwato ranar. Tsingaron tukunyar da anka kafa kuwa, shanun da ake korowa kasuwa sun tattake shi tuntuni. Yaya ya je ya duba, ya ce wurin ya baje, duk ƙasa ɗaya ce.

Mutum biyu sunka shiga ramin, babansa da kai. Saura kai kaɗai.

Don Allah ka zo. In zuwa ya gagara, ka rubuto mini yadda za a gane wurin, dalla-dalla, yadda ko makaho zai lalubo shi. Tun da anka kafa turakun nan ban yi barcin kirki ba. Tsohuwar hanya ta kashe mini shi, ba zan iya zama ina kallo sabuwa ta danne shi ba.

Taubashiyarka,
Shafa'atu

*

Jado, bayan Sallar Layya

Zuwa ga Shafa'atu.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya, sai ɗan tarin da kowa ke yi a nan. Ki gaishe da Goggo da kyau, ki ce ta daina tsugunno wurin tsintar wake. Ki gaishe da Maccido.

Muciyar da kike faɗa, ai da ita ake tuƙa tuwon da kike ci. Ɗan kunne kuwa ki ƙara haƙuri. Ramin da muke ciki ya ci mana wata da watanni, abin da muke fitarwa ko cikin cokali bai cika ba.

Na karanta sauran takardar a tsaye, sai da na nemi wuri na zauna. Wallahi da ina da yadda zan yi, da ni za ki gani ba takarda ba. Amma mota ba ta fita daga nan sai an tara ayari sojoji sun raka, kuma mu huɗu ne a ramin, in na fita sauran ukun ba su iya aiki. Ko na taso yau, ban san ranar da zan iso ba. Takarda ta fi ni saurin tafiya, don ita ba a tambayarta shaida a shinge.

Ki kwantar da hankalinki, ban manta wurin ba. Mi zai sa in manta? Ni na karɓi Jabir daga hannun mutane na miƙa wa babansa. Bai da nauyi ko kaɗan, Shafa'atu, har yau hannuna na tunawa.

Ga yadda za a yi. Akwai babbar aduwa guda a tsakiyar maƙabartar, ba wata bishiya kusa da ita. Da anka idar da sallar la'asar munka yi masa salla, munka ɗauke shi nan take. Lokacin da na sunkuya cikin ramin na ɗaga kai, sai na ga inuwar aduwar ta miƙo, ƙarshenta ya tsaya daidai kan ramin, rabi inuwa rabi rana. Har na ce a raina, yaron nan ya sami wuri mai sanyi. Ki ce wa Maccido ya je da an sallame la'asar, kada ya tsaya hira a ƙofar masallaci. Ya bi inuwar aduwa har inda ta tsaya. Nan Jabir yake.

Hanya kuwa, ban san abin da zan ce ba. Shekara nawa muna kuka da ramukan nan, ana kwasar mutane ana kai wa asibiti a bayan a-kori-kura, ba wanda ya waiwaye mu. Yanzu da za a gyara, sai da ta biyo ta kan waɗanda ta kashe. Direbobi a nan murna suke yi, wai albasa za ta isa kudu ba ta ruɓe ba. In sun fara sai in tashi in ba su wuri.

Ki rubuto mini da an gama. Ba zan sami natsuwa ba sai na ji.

Ubangidanki, ko kin ƙi ko kin so,
Yari

*

Illela, tsakiyar damina

Zuwa ga Yari.

Assalamu alaikum. Ina fatan tarin ya sauka. Mu nan lafiya lau, ruwa ya zauna, gero har ya rufe kaza. Goggonka ta ce ba ruwanka da tsugunnonta.

Yari, an gama. Alhamdu lillahi, an gama.

Takardarka ta zo ana cikin marka, kwana da kwanaki rana ba ta fito ba. Kullum da la'asar ina tsakar gida ina kallon sama kamar mai jiran wata. Ran Talata gari ya washe. Yaya Maccido ya ɗauki mutum biyu da Malam Abdulhamid, ana sallamewa sunka tafi. Ya ce inuwar ta fito tsaf, ta miƙe gabas ta ɗan karkata wajen Sakkwato, ta tsaya dab da wani tsohon suri. Nan sunka haƙa. Ba su yi nisa ba sunka tarar da itatuwan rufi.

Likkafanin da anka sa shi ni na yanka da hannuna. Na farko ban san wanda ya yanka ba, wannan karon na ce ba mai taɓa mini. An kai shi sabuwar maƙabarta, kusurwar da ke kusa da shinge. Na roƙi Yaya ya kafa dutse ba tsingaro ba, ya kafa. Washegari na dama gumba na raba wa unguwa.

Yaya dai tun da ya dawo bai cika magana ba, tuwon ma ranar bai taɓa ba. Na tambaye shi yadda ya same shi, sai ya ce mini, "Shafa'atu, ba a tambayar wannan." Gaskiyarsa ce. Aikin ba na mai ƙaramar zuciya ba ne.

Bari in gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Ran Juma'a na ce zan je dubiya, sai na zagaya ta bayan shingen. Daga waje ana hango dutsen. Na tsaya na kira sunansa. Jabir. Tun da na haife shi ban taɓa kiransa da baki ba, sai dai in ce yaron nan, ko in ce kai. Na kira shi har sau nawa ban sani ba, ba kowa a wurin sai awaki. Na dawo gida na yi barci har goggonka ta tashe ni sallar magariba.

Ba kowa ya dace kamar ni ba. Da yawa sun haƙa nan sun haƙa can ba su sami komai ba, sun haƙura. Ni Allah ya bar mini kai. Na yafe maka ɗan kunnen. Ubangida kuwa, wannan karon kaɗai na yarda, kada ka saba.

Na ba Mukhtari ƙullin kilishi da yaji. In bai kawo ba, shi ya cinye.

Shafa'atu

*

Jado

Shafa'atu, salamu alaikum. Lafiyata ƙalau, ki yafe mini gajeriyar gaisuwa. Ki karanta wannan ki tashi ki nemi Maccido, ko yana kasuwa a kira shi.

Ba Jabir anka ɗauke ba.

Da na zo inda kika ce inuwar ta karkata wajen Sakkwato ta tsaya kusa da suri, sai na koma na sake karantawa. Surin nan na san shi, ranar yana can nesa ta hannun damana, mutane ma a kansa sunka ajiye takalma. Inuwar da na gani wajen Ƙonni ta karkata, wajen arewa, kuma doguwa ce. Na rasa yadda anka yi. Na kwana biyu ina zuwa gindin sandar da muke rataya salkar ruwa da la'asar ina kallon inuwarta, sannan na gane. Cikin tsananin ɗari munka rufe Jabir, na tuna har rigar sanyin Ma'aruf. Ku kuma da damina kunka je. Inuwar ɗari dabam, ta damina dabam. Kowane manomi ya san wannan, ni ma na sani, amma da nake rubuta miki ko kusa bai zo mini ba. Abin da idona ya gani kawai na rubuta.

Na yi ta juya abin a raina. Na ce in yi shiru, tunda kin sami barci. Har na ɗauki takarda na fara rubuta miki barka. Sai na kasa, don kin ce katafila sai kaka, ke nan da sauran lokaci. In na yi shiru alhali ana iya fitar da shi, da wane ido zan dube ki, da wane ido zan dubi Ma'aruf gobe ƙiyama?

Ki ce wa Maccido ya koma. Kada ya bi inuwar yanzu. Ya tsaya gindin aduwar ya fuskanci gabas, ya karkata hagu sosai, tsakanin gabas da arewa. Ya yi nisa fiye da inda sunka haƙa. Su buɗe wurin da faɗi, ramin yaro ne, gajere, ba zai ɓoyu ba. Wanda kunka ɗauke kuma ku bar shi inda yake, shi ma ɗan wani ne, Allah ya yi za a fitar da shi ta hannunku.

Mukhtari zai taso da ayarin gobe. Na roƙe shi kada ya kwana ko'ina in ba dole ba.

Ki yafe mini. Kilishin ya iso, ban iya ci ba.

Yari

*

Illela, farkon kaka

Zuwa ga Yari.

Assalamu alaikum. Lafiya dai? Shiru ya yi yawa. Mukhtari ma tun da ya tafi ba a gan shi ba, matarsa ta ce motar ta lalace musu cikin daji bayan Agadas, suna jiran ƙarfen gyara. Wagga takarda wani yaron motar albasa na ba, ban san ko za ta same ka ba. Mu nan ana ta yankan gero, Goggo lafiya.

Katafila ta shiga makon jiya. Aduwar sunka fara turewa, an ce ko minti ba ta yi ba. Daga gidanmu ana jin rurin injin tun safe har yamma. Yanzu tifa ce ke ta zuba jar ƙasa, wata mota mai ƙaton ganga tana bi tana dannewa.

Maƙwabciyarmu Hindatu, da ba a gano kushewar mahaifiyarta ba, ta shigo tana kuka ranar. Na zaunar da ita na ba ta ruwa, na yi ta ba ta haƙuri. Ina ba ta haƙuri ina gode wa Allah a zuci da nawa ya fita, har na ji kunyar kaina.

Duk Juma'a ina zuwa bayan shingen. Ciyawa ta fito kewaye da dutsen, ta yi kyau.

Ka rubuto ko layi biyu ne, malalaci.

Shafa'atu

*

Illela, cikin ɗari

Yari.

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ina fatan kana lafiya.

Mukhtari ya iso ran Lahadi. Ko gida bai je ba ya kawo mini takardarka, yana ta ba da haƙuri, shi bai san abin da ke ciki ba. Na karanta a zaure. Ban tuna yadda na koma cikin gida ba.

Na jira Yaya Maccido ya gama cin abinci, na miƙa masa. Ya karanta ya ninke ta. Na ce, "Yaya, ramin da kunka buɗe, gajere ne ko dogo?" Ya ce, "Dogo ne." Na ce, "Ka sani ke nan tun ranar." Ya ce, "Na sani. Babban mutum ne, har da furfura a wurin. Mun ƙara haƙawa hagu da dama ba mu sami kowa ba, magariba ta kawo jiki. Na tuna yadda kika tsaya bakin ƙofa da likkafani a hannu. Malam ya ce in gaya miki gaskiya, ni na ce a bari." Yaya ya ƙara da cewa ƙasa duk ta Allah ce, inda mutum yake kwance ba ya rage masa komai, addu'a kuma tana isa ko daga ina. Na san haka ne. Tun ina 'yar Islamiyya na sani. Sanin bai yi mini komai ba.

Ban yi masa faɗa ba. Kai ma ba zan yi maka ba. Ka ce in yafe maka, na yafe. Amma tunda ban saba ɓoye maka ba, bari in faɗa: da ka yi shiru. Na san don mi ka rubuto, da ni ce ma haka zan yi. Duk da haka, da ka yi shiru, Yari. Wata huɗu ina barci.

Jiya da la'asar na je wurin. Ban ce zan je dubiya ba, na yafa mayafi na fita, ba wanda ya tare ni. Ba maƙabarta kuma. Hanya ce mai faɗi, an ɗaga ta sama har ta fi tsayina, an shimfiɗa baƙar kwalta, hannun zuwa dabam hannun dawowa dabam. Na hau. Ga ɗari, ga rana ta karkata daidai yadda ka ce, lokacin ke nan da za a ga inuwar inda take. Ba aduwa, ba kututture, ba suri. Na tambayi wani mai tuta a hannu ko ya san inda bishiyar take da, sai ya ce shi baƙo ne, in sauka mota na zuwa. Na sauka.

An fara barin manyan motoci suna bi ta ɓangaren da anka gama. Daga ɗakina ina jin su. Da can in tirela ta wuce sai ka ji ta faɗa rami ta yi ƙara, yanzu sumul take wucewa. Kowa na yabawa. Yaya ya ce zuwa Sakkwato ya zama kamar zuwa bayan gida. Ni kowace ta wuce sai na ji ta a ƙirjina.

Bayan shingen kuwa ban daina zuwa ba, ban san dalili ba. Ina tsayawa in yi wa dattijon addu'a, ko wane ne shi. Sunan da nake kira a wurin dai na daina. Hindatu ban gaya mata ba tukuna, na kasa haɗa ido da ita.

Kada ka taso don wannan, ba abin da za ka tarar. Ka zauna ka yi aikinka. Amma duk ranar da ka tashi dawowa, in za ka gaida dangi a Gidan Katta, ba wata hanya sai ita. Kai ka san wurin fiye da kowa, wataƙila ƙafarka ta gane abin da ido ba ya gani. In kun kawo daidai nan, ka ce wa direba ya rage gudu, ka yi masa sallama. Ka duba mini da kyau, in ka gane ka gaya mini. Ni ko wannan ban sani ba, ko a ƙarƙashin hannun zuwa yake, ko na dawowa.

Shafa'atu